Ga 'yar'uwar da za ta tare a Maraɗi da yara uku

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki har sau biyu, kuma wallahi jikina ya yi sanyi, domin abin da kike tsoro shi ne ya fi cin ran yawancinmu da muka tsallako da iyali. Kin ce maigidanki ya samu aiki a nan, za ku taso daga Kano da yara uku, namiji mai shekara 10, mace mai 7 da auta mai 2, kina tambayar makaranta da gida da takardu. Na ga wasu sun ce miki ki kwantar da hankalinki, ai Maraɗi gida ce, Hausa ake ji. Ta wajen mutane gaskiya suka faɗa, Katsinawa ne, ga karamci, maƙwabciya za ta aiko miki da fura tun ba ki gama kwance kaya ba. To amma Hausar nan ta kasuwa ce da masallaci da zaure. Da yaro ya shiga aji, ko ke kin tsaya gaban mai tebur, wata ƙasa kike. Ke da maigida za ku saba cikin wata guda, yaran ne za su ji a jikinsu.

Bari in fara da makaranta, lakwal kamar yadda ake ce mata a nan. Ko da yake a shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, har yanzu karatu da jarrabawa a yawancin azuzuwa da Faransanci ake yi. Firamare aji shida ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Daga nan shekara huɗu zuwa jarrabawar BEPC, sai uku zuwa BAC, jarrabawar gama sakandare, wato tsarinsu ya ɗara namu da shekara ɗaya. Kuma a watan Oktoba ake komawa makaranta bayan hutu, ba Satumba ba.

'Yar shekara 7 ba ta da matsala sosai. Ki sa ta CP, in ma sun ce CI kada ki ja da su, kafin wata shida za ki ji tana gyara miki magana. Babban shi ne abin ji. A shekarunsa CM1 ya kamata ya shiga, amma ranar gwaji za a yi masa dikte, malam yana karantawa shi yana rubutawa, kuma ba zai rubuta ko layi ɗaya daidai ba, tun da Faransanci ba yadda ake faɗinsa ake rubuta shi ba. Sai a ce a mayar da shi CP cikin 'yan shekara 7. Yaron da yake zuwa na ɗaya ko na biyu a ajinsu na Kano, yau ga shi a benci ɗaya da sa'o'in ƙanwarsa, ya fi kowa tsawo, ana yi masa dariya. Maki a firamare bisa 10 ake bayarwa, zai kawo miki 2, ko ya ɓoye takardar a ƙasan katifa. Daga nan sai ciwon ciki kullum da safe, sai ya daina cin abinci, ya daina fita wasa, wani har fitsarin kwance yake komawa. Ranar da ɗanki ya dube ki ya ce Mama ni daƙiƙi ne ko, ranar za ki san kin yi ƙaura. Ban san abin da ya kai wannan ciwo ba a duk zaman nan, kuma babu wanda yake gaya wa uwa tun da wuri.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wasu masu makarantun kuɗi, ba duka ba, da suke ganin baƙo kamar kasuwa ta buɗe. Za su ce miki makarantarsu ta harshe biyu ce, akwai Turanci, su karɓi kuɗin shekara cif, su ɗinka wa yaro kayan makaranta, alhali Turancin awa ɗaya ne ko biyu a sati. Su jefa shi ajin da kika roƙa don kada kuɗin ya kuɓuce, su bar shi a bencin baya babu mai waiwayarsa. Mushe, wato malamin aji, yana da yara cike da ɗaki, ya yi tambaya yaro ya yi shiru sai ya ɗauka taurin kai ne, sai bulala. A wasu wuraren ma in ya buɗe baki ya yi Hausa don ya nemi bayani laifi ne. Ki koma ki yi ƙorafi, direkta ya ce ai yaran Najeriya haka suke, ba su da tushe. Yaron da ya iya karatu da rubutu da lissafi a ce ba shi da tushe! Kuɗin kuma ba ya dawowa. Allah ya isa ga duk wanda ya karɓi amanar ɗan mutane ya yi masa haka.

Saboda haka kada ki biya kowace makaranta kuɗin shekara, ki biya na zango ɗaya. Kafin ki biya, ki ce a nuna miki jadawalin darasi na sati, ki ƙirga awoyin Turanci da idonki, ki leƙa ajin ki ga yawan yara. Ki nemi a yi wa babban gwajin lissafi daban da na harshe, a bar wani ya fassara masa tambayoyin da Hausa. In ya ci, ki tsaya a kan CE2, aji ɗaya kawai ya sauka. Sannan tun ranar da kuka sauka ki ɗauki malamin da zai riƙa zuwa gida, awa ɗaya kullum, kwana biyar a sati. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da yawa suna wannan aikin kuma ba su da tsada. In da hali ku iso a Yuli, ya samu wata uku kafin a koma. Ki gaya wa malamin ya fara da abubuwa huɗu: sautin haruffa, rubutun haɗe da ake yi a kaye, wato littafin rubutu mai ƙananan layuka (a nan ba a karɓar rubutun rarrabe irin namu), ƙirga daga 70 zuwa 99, domin su 70 sittin da goma suke cewa, 80 kuma ashirin sau huɗu, sai yadda ake jera lissafin rabawa a allo, wanda ya bambanta da namu, ga waƙafi da suke sawa a inda muke sa ɗigo. Yaro yakan san amsa amma ya faɗi saboda waɗannan kawai.

Akwai makarantun Faranko-Arab, Faransanci da Larabci. In yaronki ya yi nisa a Islamiyya, nan zai samu darasin da zai fi wasu, kuma wannan kaɗai yana ɗaga masa kai. Amma ni a ganina, in aikin maigida bai wuce shekara biyu ba, ku zauna ku yi shawara ko babban zai tsaya wurin kakanninsa ya gama firamare ya riƙa zuwa hutu. Da zafi, na sani. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, Kano ma tafiyar yini ce, amma ki tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, iyalai da yawa suka rabu wata da watanni. Ki auna duka biyun.

Takardu kuwa, kada wanda ya saba shigowa da katin zaɓe tun shekarun baya ya ruɗe ku. Nijar ta fita daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, bincike ya ƙaru a Ɗan Isa, garin bakin iyaka, da shingayen hanya. Kowa ya yi fasfo, har auta, da katin rigakafin shawara, da takardar haihuwa ta asali, da sakamakon makarantar yara na shekara biyu da takardar canjin makaranta. Ki yi kwafi biyar biyar da hotuna goma goma, in kun zo a kai kwafin ofishin magajin gari ko komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga musu hatimi, domin kwafin da ba hatimi ba takarda ba ce a nan. Takardar izinin zama, wurin aikin maigida ya san hanyarta, ya matsa musu tun kafin ku taso. In ke kaɗai za ki shigo da yaran, ki riƙe wasiƙar amincewar ubansu. Kuma don Allah ku bi hanyar Jibiya da rana tsaka, kada yamma ta yi muku a kanta.

Gida. Baƙi sun fi neman unguwannin Ali Ɗan Sofo da Zariya, amma ki fara zaɓen makaranta sannan ki nemi gida kusa da ita, domin kuɗin kabu-kabu ko adaidaita sau huɗu a rana yana cinye albashi. Dillali zai nuna muku fenti, ku ku dubi gindin katanga, in akwai shatin ruwa ku wuce. Damunar 2024 ta rusa gidaje da yawa a garin nan, kuma tun asali ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da garin daga bakin gulbi aka hau tudu. Kafin ku ba da ko sisi, a nuna muku takardar biyan wuta da ta ruwa ta ƙarshe, a rubuta lambar da mita take kai a cikin yarjejeniya, mai gida ya sa hannu gaban shaidu biyu. Bashin wanda ya tashi yana bin mitar ne, ku za a yanke wa. Wuta a nan kuran ake ce mata, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, ɗaukewa take yi sosai, ku tanadi fanka mai caji ko ƙaramar sola saboda auta. Soket ɗin nan mai rami biyu ne zagaye, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ki sayo mahaɗi guda biyar ko shida.

Sai kuɗi, nan ake cutar baƙuwa ko ita ta cuci kanta. Da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. Hamsin 250 ne, ɗari 500, jika kuma 1,000. Ki koya wa yaran ma kafin ki fara aikensu. In albashin maigida da naira ne, ku canza na haya da na makaranta ranar da ya shigo, saboda sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, naira ce mai hawa da sauka. Aike tsakanin garuruwa ta kamfanin Nita ko na Amana ake yi, layin waya kuma sai da takardar shaida.

Na kusa mantawa da auta. In kin ji an ce likita a nan, asibitin ake nufi, ba mutumin kaɗai ba. Satin farko ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, da katin rigakafinsa na Kano, a buɗe masa karne, wato littafin asibiti, a duba allurar da ta rage. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikata suna bi gida gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Su za su ba shi na ranar farko, na kwana biyun da suka rage ke za ki ba shi, kuma nan mata suke sakaci. Ki buɗe musu ƙofa. Takardar magani da Faransanci ake rubutawa, kada ki bar farmasi sai mai sayarwa ya faɗa miki da Hausa cokali nawa, sau nawa, kwana nawa, ki rubuta a jikin kwalin.

Ke ma ki kula da kanki, 'yar'uwa. Maigida zai fita tun safe, ke ce za ki zauna da kukan yara da kewar gida, kuma in ranki ya ɓaci su ma sun gani. Ki shiga Islamiyyar matan unguwa, ki je suna da gaisuwar rasuwa ko ba ki san mutanen ba, a nan za ki samu wadda za ta gaya miki wane malami ne mai haƙuri da yara. Za a kira yaranki 'yan Najeriya, za a kwaikwayi maganarsu, su ma ba da daɗewa ba za ki ji suna cewa tahi da hwara, kada ki hana su. Sannan kada ki bar Turancinsu ya mutu, ki zo da littattafan ajinsu na Kano, rabin awa ranar Asabar da Lahadi ya isa, don in kun koma kada a sake mayar da su baya a can ma.

Ki faɗo mana watan da za ku taso da unguwar da wurin aikin yake. In kuma babban ya riga ya fara aji biyar, ki karɓo masa sakamakon zangon da ya wuce tun yanzu, kafin makarantarsu ta tafi hutu.