Amfanin rubutun da ba wanda zai karanta

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai amfani mutum ya riƙa rubuta al'amuran rayuwarsa alhali ba mai karantawa. Akwai ƙwarai. A ganina ma rashin mai karantawar ne ƙarfinsa, domin a nan ba kya tauna magana don kunyar kowa.

Damuwa idan tana cikin zuciya, kai-komo kawai take yi. Da zarar kin ɗauki biro, dole ki faɗi wa ya yi me, yaushe, kuma me ya fi ci miki rai. Sau da yawa sai ki ga ashe abu ɗaya ne ke damun ki, ba goma ba. A 1986 masanin halayyar ɗan'adam James Pennebaker, a Amurka, ya sa ɗalibai rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana 4. A watannin da suka biyo baya, sun fi waɗanda suka rubuta abubuwan yau da kullum ƙarancin zuwa ganin likita. Da farko dai rai kan ƙara ɓaci, kada hakan ya tsorata ki.

Ki riƙa sa kwanan wata, musamman ga alkawari da bashi, kuma ki adana littafin inda hannun wani ba zai kai ba.