Zakka a Kan Albashin Farko: Yaushe Take Wajaba?

Tambaya: Malam, na gama hidimar ƙasa, na samu aiki a wani kamfani a Kakuri. Wasu sun ce in fitar da zakka daga albashina na farko, wasu sun ce in raba wa iyaye. Kuma ana cire mini kuɗin fansho. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah Ya sa albarka a aikin. Albashin farko babu zakka a kansa. Zakkar kuɗi ba ta wajaba sai da sharuɗɗa biyu: kuɗin ya kai nisabi, kuma shekara ta kewayo masa. Imam Malik ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa babu zakka a dukiya sai shekara ta kewayo mata. Shekarar ta Musulunci ce, kwana 354 ko 355, ba ta Bature ba.

Nisabi dinari 20 ne, wato kimanin giram 85 na zinare. Farashinsa yana hawa yana sauka, don haka ka tambayi masu sayar da zinare ko malaman da ke sanar da nisabi. Abin da ka ci, ka biya haya, ka hau mota, ba ya cikin lissafi. Abin da ka ajiye ake dubawa. Ranar da ajiyarka ta kai nisabi, rubuta ta, daga nan shekara take farawa. Idan ta cika kuɗin bai gaza nisabi ba, ka fitar da ɗaya cikin 40, wato naira 25,000 a kowace miliyan ɗaya.

Inda ma'aikata suke rikicewa shi ne kuɗin da ke shigowa wata-wata bayan an kai nisabi. A wurin Malikiyya kowane sabon kuɗi yana da shekararsa daban. Hanafiyya kuma suna haɗa shi da na farko, a fitar wa duka rana guda. Wannan na biyun ya fi sauƙi ga mai albashi, kuma talaka ya fi amfana, shi nake ba ka shawara.

Ba iyaye albashin farko al'ada ce mai kyau, biyayya ce, amma ba wajibi ba ne, kuma ba ya zama zakka. Ba a ba uwa da uba zakka, domin ciyar da su in suna da buƙata nauyinka ne tun asali.

Fansho kuwa, dokar 2014 ta sa ana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 10. Ba ka da ikon taɓa shi yanzu, saboda haka babu zakka sai ya shigo hannunka ya shekara. Amma ka je wurin kamfanin fanshonka ka cike takardar komawa asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, Fund VI, wanda PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ta buɗe a 2021, domin ba a mayar da mutum can sai ya nema.

Wallahu a'alam.