Faifan wasa a hannu, gyaransa a intanet

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon wasan bidiyo a unguwar Bukoki ta Yamai, da na'urar wasa PS4 guda uku. Na sayi faifan wani wasa jika ashirin saboda na ga masu sharhi sun ba shi maki tara cikin goma. Da na sa shi sai ya nemi in sauke gyara mai gigabait kusan talatin. Ban sauke ba, yanzu yana ta sandarewa, yara suna ajiye manet suna cewa a maido musu kuɗinsu. Masu sharhin nan ƙarya suka yi?

Amsa: Sannu da wannan asara, ɗan'uwa. Mai yiwuwa ba ƙarya suka yi ba, wasan da suka gwada ne ya sha bamban da wanda ke cikin faifanka. Ana kai wasa masana'antar buga faifai makonni kafin ranar fitowarsa, kamfanin kuma ya ci gaba da toshe kurakurai, ya tara su ya sake su ta intanet a ranar farko. Mai sharhi a Turai ko Amurka yana da intanet na gida da ba a auna masa, kafin ya gama shan shayi gyaran ya sauka. Kai kuwa a Yamai gigabait talatin kuɗin forfe (datar intanet) ne mai ciwo, ga fargabar ɗaukewar wuta ana tsakiyar saukewa.

Wani lokaci kuma na'urar ce ta bambanta. Da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan zai fitar da Cyberpunk 2077 a Disamba 2020, na kwamfuta ya bai wa masu sharhi, suka yaba. Masu PS4 suka saya, suka tarar da hoto yana tsinkewa, wasan yana rufe kansa. Har Sony, mai ƙera PS4, ta cire shi daga shagonta na intanet, bai dawo ba sai Yuni 2021. Yau, bayan gyare-gyaren shekaru, wasa ne mai kyau ƙwarai, amma babban gyaran da aka yi masa a 2023 bai ma zo wa PS4 ba. Masu ƙwallo kuma ba su manta da eFootball 2022 na Konami ba, magajin wasan ƙwallo na PES da yaranmu suka tashi da shi: ya fito a Satumba 2021 da fuskokin 'yan wasa a karkace, sai a Afrilu 2022 aka samu gyaran da ya daidaita shi.

Ana ta muhawara ko ya kamata mai sharhi ya sauya makinsa bayan gyara. Ni dai ban yarda a goge na farko ba, domin mutane sun biya cikakken kuɗi a ranar, kuma in aka goge, kamfanoni za su saba da sayar da ɗanyen aiki. Abin da nake so shi ne a bar tsohon, a rubuta sabo kusa da shi da kwanan wata, a faɗi na'urar da aka yi gwajin, a kuma faɗi halin wasan in babu intanet. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi shafar mu, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Nan gaba kafin ka saya, duba ranar sharhin da na'urarsa, ka ce wa mai shago ya sa maka faifan a gabanka ba tare da intanet ba. Wanda ke hannunka kuwa, kai PS4 ɗin inda ke da wifi mai ƙarfi ka sauke gyaran sau ɗaya, ka keɓe wasan ga wannan na'urar kaɗai.

Tambaya: Malam, wasannin wayata suna cinye mini forfe da dare ban taɓa su ba.

Amsa: Sabunta kansu suke yi. Shiga saitin Play Store, wajen sabunta manhajoji, ka zaɓi ta wifi kawai. Wasannin da ake bugawa da wasu ta intanet, irin su Free Fire, ba za su buɗe ba sai ka sabunta su, don haka ka riƙa ware musu nasu kason.