Amsar tambaya kan Timiya

Salamu alaikum jama'ar gurup. Ƙanena na ji saƙonka, ka ce an tura yaronka Timiya koyarwa, wai ina ne wurin. Ni na gane abin da kake nufi, so kake ka ji ko yaro zai samu abin ci. To kwantar da hankalinka, wallahi sai ya ci abin da kai ba ka samu nan Maradi.

Timiya cikin duwatsun Abzin take, gaba da Agadas da fiye da kilomita 200, komin ce, wato ƙaramar hukuma, ta karkara cikin yankin Iferwan. Gari ne a bakin ƙorama, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi, amma ka leƙa garka ka ga lemu, rumman, dabino har da inabi. Da raƙumi ke jan guga, ya je ya dawo ya je ya dawo ruwa na bin lambu, yanzu dai inji ya yi yawa. Akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse kusa da garin, ga tsohon barikin Faransawa bisa tudu. Ka dai ce mishi ya riƙe bargo mai kauri, sanyin can ba irin namu ba ne.

Abin da ke ba ni haushi mutanenmu sai su ce arewa ba komi sai rairayi. Haba jama'a! Dutsen Bagazam fa mita 2,022 ne, duk Nijar babu wanda ya kai shi, kuma akwai ƙauyuka samanshi, da jakai ake sauko da kaya. Albasa da dankalin turawa na garin Tabelot, shi ma cikin Abzin, fa? Kantun gishirin da bisashenku ke lasa, Buzayen can ne ke ratsa hamadar Tenere da ayari har Bilma su ɗauko, sannan su gangaro kudu neman hatsi.

Matsalarsu guda, hanya. Kai hanyar nan! Ni na taɓa sa kuɗina aka ɗoro mini lemu, mota ta lalace cikin duwatsu, babu rezo balle a kira ni, kafin kaya su iso rabi ya ruɓe. Mai motar ya ce ba ruwanshi, wanda ya haɗa mu ya ce in yi haƙuri. Haƙuri na yi, amma ko waya ai sai mai motar ya buga da ya fito Agadas ko? Har yau ko dala bai maido mini ba, kuma muna gamuwa kasuwa yana gaishe ni.