Liyarin 1780 da kobo mai huji: nawa za su yi a gwanjo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan canji ne a Agege. Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da gwangwani cike da tsofaffin sulalla: aninai masu huji, kobo na 1936, da liyari uku masu shekarar 1780. Wani ya zo ya ce akwai Baturen da zai saye su miliyoyi saboda akwai jan makuri a cikinsu, amma sai mun fara biyan kuɗin gwaji. 'Yan'uwana sun matsa min, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, tunda kayan gado ne. Sannan ina sha'awar fara taya sulalla a gwanjon intanet. Yaya zan gane farashin gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ku ba mutumin nan ko sisi, kuma kada ku bar shi ya tafi da kwandala ko ɗaya da sunan gwaji.

Wannan zance na jan makuri ya ishe ni. Kusan kullum sai an kawo min shi, daga Idi-Araba, daga Mile 12, daga Alaba Rago, kuma masu kawo shi ba yara ba ne, magidanta ne da suka san kuɗi. Babu wani abu wai shi jan makuri a cikin kobo. Makurin gaskiya, wato zaiba da masu haƙar zinari ke aiki da ita, ruwa-ruwa ce, kuma tana tafasa ta bi iska a zafin da bai kai digiri 360 ba. Tagullar da ake yin kobo da ita ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000. To ta ina zaibar za ta zauna? Kuma wace gwamnati ce za ta cusa abin miliyoyi a cikin anini, wanda sai ka tara goma kafin su yi kobo ɗaya?

Tatsuniyar ma ba a nan aka ƙirƙire ta ba. A 2009 ta tashi a Saudiyya, aka ce abin yana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka riƙa kara waya kusa da allura wai idan layi ya yanke to akwai shi. A wajenmu ta koma kan dutsen guga na gawayi da tsofaffin sulalla. Salon dai ɗaya ne. Za a nuna maka kwandala tana jan ƙwayar shinkafa, ko a ce ba ta fitowa a madubi. Ka biya kuɗin gwaji, sai a ce saura kuɗin takardar fita da kaya, sai kuɗin otal ɗin Bature a Ikoyi. Baturen ba zai taɓa saukowa ba, kullum yana mitin. Wani lokaci ma mutum biyu ne: ɗaya ya zo yana cigiyar kobon wata shekara da farashin hauka, bayan 'yan kwanaki na biyu ya ɓullo da irin kobon yana neman kuɗin asibiti. Ka saya da tsada kana murna, sai wayar na farko ta mutu har abada. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wanda aka damfara ba ya faɗa, kunya yake ji, sai maƙwabcinsa ya faɗa rami ɗaya.

Yanzu ga abin da ke cikin gwangwaninku. Liyari kuɗin Ostiriya ne mai hoton Sarauniya Maria Theresa. Ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, ko a Biyana aka buga shi, ko Landan, ko Roma, ko Bombay, har zuwa zamaninmu. An buga ɗaruruwan miliyoyi, shi ya sa ya cika Borno da ƙasar Hausa har mata suka mai da shi abin wuya. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfar da ke ciki kusan giram 23.4. Lissafa wannan da farashin azurfa na ranar, ka ƙara ɗan abu kaɗan, ka samu kimar mafi yawansu. Idan an huda shi ko an yi masa walda, kuɗin azurfar kawai za ka samu. Ka ɗora shi a sikelin masu zinari, ka kuma kara masa mayen ƙarfe. Idan ya kama, jabu ne.

Kobon 1936 kuwa, in mai sunan Edward na Takwas ne, labarinsa na da daɗi: sarkin bai cika shekara a kan gadon Ingila ba ya sauka, amma an riga an buga wa Afirka ta Yamma kuɗi da sunansa. Sai dai an buga da yawa ƙwarai, don haka wanda ya sha hannu bai wuce kuɗin cefane ba. Duba ƙaramin harafin ma'aikatar da ta buga kuɗin, H ko KN, domin shekara da harafi tare su ke raba na banza da na nema. A cikin aninan ka lura ko akwai mara nauyi na sanholo, na 1907 ko 1908. Irinsu suna saurin zagwanyewa, don haka mai lafiya yana da masu so. Kuma don Allah kada wani ya ɗauko toka da lemun tsami ya ce zai wanke su. Dattin nan da kake gani shi mai saye ke nema, gogewa tana zubar da darajar kwandala nan take.

Ana sayar da kwandala miliyoyi, ba ƙarya ba ne. A 2019 kamfanin Morton & Eden na Landan ya sayar da dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira a kan fam miliyan 3.72, a 2021 kuma Sotheby's ta sayar da kwandalar zinari ta Amurka mai suna Double Eagle ta 1933 a kan dala miliyan 18.9. Ƙarancinsu da sanin hannun da suka biyo ne suka kai su can, a bainar jama'a, ba tare da an karɓi kuɗin gwaji a lungu ba.

Maganar taya kuwa, kai ɗan canji ne, ka san abin da mai kaya ya yanka daban, abin da aka sallama daban. A eBay kada ka kalli abin da ake nema, ka tace ka ga waɗanda aka riga aka sayar. Gidajen gwanjo na Heritage da Spink da Noonans suna ajiye sakamakon gwanjonsu na baya, shafin kundin sulalla na Numista kuma zai nuna maka nauyi da adadin da aka buga. Ka kwatanta shekara ɗaya, harafi ɗaya, lafiya ɗaya. Idan kwandalar tana cikin robar NGC ko PCGS, kamfanonin da ke tantance sulalla, da makin lafiyarta tsakanin 1 zuwa 70, ka sa lambar a shafinsu ka ga ko hoton ya yi daidai, don robar ma ana yin jabunta.

Abin da ke kayar da sababbi shi ne la'ada. Bayan an buga guduma, gidan gwanjo zai ɗora maka kashi 20 cikin ɗari ko fiye, sannan kuɗin aiko da kaya, inshora, cajin banki, abin da kwastan za su nema, da canjin dala na ranar biya. Ka haɗa duka tun kafin a fara, ka rubuta iyakarka a takarda, in an wuce ta ka janye hannu. A ƙananan shafuka akwai masu sa abokansu su yi ta ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashi da Manzon Allah (SAW) ya hana, kuma haramcinsa bai canza ba don an koma waya. Kada a yi maka, kai ma kada ka yi wa wani ranar da za ka sayar.

Tunda kayan gado ne, ka tara magada a auna komai a gabansu, a ɗauki hoton gaba da baya na kowace kwandala, a rubuta. Ka turo min hotunan kobon da aninan inda shekara da harafi suka fito sosai, zan gaya maka waɗanda suka cancanci a ware.