Ciwon kai a sashen gaggawa: amsoshin tambayoyinku

Likita, barka da aiki. Ni mace ce mai fama da ciwon ɓarin kai. Ya taso mini har aka kai ni sashen gaggawa ina amai, ko hasken fitila ba na iya kallo. Na roƙi a yi mini allura mai ƙarfi irin pethidine, sai aka saka mini maganin amai a ƙarin ruwa. Anya ba raina ciwona aka yi ba?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya dace aka yi miki. Metoclopramide da prochlorperazine an san su da tsayar da amai, amma idan aka ba da su ta jijiya suna kwantar da ciwon ɓarin kan ma. Ta jijiya ake bi domin idan ciwon ya taso ciki yakan rage aiki, ƙwayar da kika haɗiya ta zauna ba ta wuce ba, ko amai ya dawo da ita. Akan ƙara da maganin ciwo na ketorolac ko allurar sumatriptan ta ɓarin kai, sai dai ita sumatriptan ba a yi wa mai ciwon zuciya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba. Wani lokaci a haɗa da dexamethasone don kada ciwon ya dawo bayan an sallame ki.

Pethidine da tramadol kuwa barci suke sakawa, ciwon ya lafa, ya sake tashi, jiki kuma ya saba da su. Ni ba na ba mai ɓarin kai su sai in babu wata hanya. Abu ɗaya: maganin aman nan kan sa wasu su kasa zama wuri guda. In kin ji haka ki gaya wa nas, yana da magani.

Wane irin ciwon kai ne ba a jira gari ya waye?

Wanda ya sari mutum farat ɗaya, ya kai matuƙar tsanani cikin minti 1. Wannan na iya zama jijiyar jini ce ta fashe a kewayen ƙwaƙwalwa, kuma hoton ƙwaƙwalwa na CT ya fi gano shi cikin awa 6 na farko. In lokaci ya ja, akan ɗebi ruwan laka ta gadon baya a duba. Haka ciwon kai da zazzaɓi da ƙagewar wuya, don sanƙarau ba ya jira. Sai wanda ya zo da karkacewar baki, sarƙewar magana, mutuwar hannu ko ƙafa, farfaɗiya ko ruɗewa, ko ya biyo bayan buguwa a ka. Wanda ya haura shekara 50 ya fara sabon ciwon kai, a duba shi da wuri. Mai ciki da mai jego kuma, don Allah kada a tsaya ba su paracetamol a gida: a auna hawan jininsu nan take, jijjiga takan fara da ciwon kai.

Me ya sa ba a yi mini hoton ƙwaƙwalwa ba?

Idan ciwon irin wanda ka saba ne, likita ya gwada ganinka, ƙarfin gaɓoɓinka da tafiyarka bai ga matsala ba, hoto ba zai ƙara komai ba. Ɓarin kai ba ya fitowa a CT.

Malam likita, kusan kullum sai na sha maganin ciwon kai, amma duk wata sai na kwana a sashen gaggawa.

Ɗan'uwa, mai yiwuwa maganin ne ke riƙe ciwon. Shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko tramadol da dangin sumatriptan kwana 10, fiye da wata 3, yana haifar da ciwon kai na kusan kullum. Ka je asibiti ranar da kake lafiya, da takardar da ka rubuta ranakun ciwon da abin da ka sha. Akwai magungunan rigakafi irin propranolol da amitriptyline, amma sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. In tramadol ne, kada ka yanke shi lokaci guda sai da kulawar likita.