Fitilar injin tana kamawa tana ɗaukewa: tayimin ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton injin takan kama, ta yi kwana biyu, sai ta ɗauke da kanta. Da safe in na tayar da motar ina jin kar-kar-kar na ɗan lokaci. An sa mata na'ura ta nuna lambar matsala P0016, bakanike ya ce a kwance gaban injin a canza sarƙar tayimin. In yarda?
Mai karatu, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna. P0016 ba ta ce sarƙa ta lalace ba. Abin da take nufi shi ne ƙwaƙwalwar motar ta ga saƙon sensar karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da na sensar kamshaf (sandar da ke buɗe bawulolin injin) sun saɓa. Ƙa'ida ita ce karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya, a kan daidai, kuma sarƙar tayimin ce ke haɗa su. Sarƙar da ta tsallake haƙori ba ta komawa da kanta, don haka da ita ce da fitilar ta zauna daram, motar kuma ta rasa ƙarfi.

Ɗaukewar fitilar kuwa ba warkewa ba ce. In motar ta yi tafiya uku a jere ba ta sake ganin matsalar ba, sai ta kashe fitilar, amma lambar tana nan ajiye. Saboda haka kada ka bari a cire kan batir ko a goge lambar kafin a karanta bayanan da ke tare da ita: zafin injin da gudunsa a daidai lokacin da abin ya faru. Can amsar take.

A fara da baƙin mai. Injin wannan mota, galibi 1ZZ-FE, yana da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da ƙarfin baƙin mai wajen matsar da kamshaf gaba ko baya. In man ya yi ƙasa, ko ya yi datti, ko ya cika kauri, giyar kan kamshaf sai ta yi jinkiri, musamman da sanyin safiya. Kamfanin ya ce 5W-30, amma garejinmu da yawa 20W-50 suke ɗurawa wai don zafin ƙasarmu. Zare sandar awon mai ka duba, ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa. In ka ga baƙin kunu ya daskare a ciki, a juye, a sa sabuwar filta.

Sai bawul ɗin da ke rarraba man, wanda ke jikin kan silinda ta ɓangaren sarƙa, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi. A cire a wanke. Kusa da shi akwai 'yar ƙaramar raga mai tace mai, wadda yawancin masu gyara ke mantawa da ita, kuma ita ce ke toshewa. A auna bawul ɗin da mita: lafiyayye yakan nuna om 6.9 zuwa 7.9 in yana da sanyi. A kuma ba shi wutar batir kai tsaye motar tana silo. In yana aiki, injin zai yi kakkarwa ko ya mutu. In injin bai canza ba, bawul ɗin ya maƙale ko mai ba ya isa.

In bayanan sun nuna fitilar da zafi take kamawa, a koma kan sensa da wayoyinta. A jijjiga soket ɗin sensar yayin da motar ke kunne, a duba tsatsa, mai, ko cizon ɓera. Sensar karanshaf mai shirin mutuwa takan kashe mota a gosulo, ta ƙi tashi sai ta huce, galibi da lambar P0335.

Ƙarar safiyar nan ita ce ba mu so. In daƙiƙa biyu ko uku ce, an fi zargin giyar VVT-i ko abin da ke ɗaure sarƙar. In ta ci gaba bayan an gyara batun mai, a cire murfin sama kawai, a kawo fistin na ɗaya can ƙoli, a duba ko alamomin giyoyin kamshaf sun zo daidai, a taɓa sarƙar a ji ko ta saki. Sai an ga haka da ido za a canza, kuma a canza ta tare da maɗaurinta da robobin da take bi a kai.

In fitilar ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ka faka motar nan take, domin fetur ne ke wucewa salansa bai ƙone ba.